Kafso 96 da ƙullin kuka: kwana 57 na wani ɗan Damagaram a Dubai

## Kafin tafiya: 2019 zuwa Janairun 2022

Mutumin da aka tsare a Dubai saboda maganin ciwon bayansa kawuna ne, ƙanen mahaifiyata. Ya yarda in rubuta, da sharaɗin kada in kama sunan kowa. Mai shagon yadi ne a kasuwar Dole a nan Zinder, shekarunsa 61 lokacin da abin ya faru. Ya sauke farali a 2012, ya sha zuwa Kano da Kwatano da Lome sarin kaya, kuma in ban da zuwa yin katin ɗan ƙasa, ƙafarsa ba ta taɓa taka kwamisariya, wato ofishin 'yan sanda, ba.

A daminar 2019 ɗan kabu-kabu ya zubar da shi a hanyarsa ta komawa gida Birni. Tun daga nan baya ya hana shi sakat. Hoton ƙashi ya nuna ƙasusuwan ƙugunsa biyu sun matse juna, ciwon yana bin jijiya har tafin ƙafar hagu. An gwada ƙananan magunguna ba su yi ba, daga bisani likitansa ya sa shi a kan tramadol, kafso mai miligiram 50, biyu a rana.

Duk wanda ya san Damagaram ya san wannan magani. Taramol muke ce masa, kuma sunansa ya riga ya ɓaci saboda masu nauyin 200 da 225 da ake tallarsu a faranti bakin tasha, waɗanda samari ke haɗiya don su yi aikin ƙarfi ba su ji gajiya ba. Na Kawu daga farmasi yake saye, da takardar likita, wato ordonansi. Ya karɓi kafso 60 a watan Disamba na 2021, ya sake karɓar 60 a Janairun 2022. Da yake mutum ne mai tsoron magani, ba ya sha sai ciwo ya kai shi bango, don haka mafi yawansu suka taru a ɗakinsa.

Akwai abin da babu wanda ya sani a gidanmu lokacin. Tramadol ba ya cikin jerin magungunan da yarjejeniyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya suka sa wa takunkumi, saboda haka kowace ƙasa ke yanka masa nata hukuncin. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasar da Dubai take ciki, ta sa shi cikin magungunan da ake tsaron su kamar ƙwaya. A lokacin, baƙon da ke shan irinsa ana so ya zo da takardar likita da rahoton ciwonsa, ya nemi izinin ma'aikatar lafiyarsu ta intanet tun kafin ya taso, maganin yana cikin kwalinsa na asali, kuma kada ya wuce abin da zai sha a wata ɗaya.

## Haɗa kaya: 6 zuwa 10 ga Fabrairu, 2022

Kawu ya daɗe yana jin labarin Dubai a bakin abokan kasuwa. Da aka buɗe babban baje kolin duniya na Expo a can, daga 1 ga Oktoban 2021 zuwa 31 ga Maris ɗin 2022, inda ƙasashe 192 kowacce ta kafa rumfarta har da Nijar, sai ya ce shi ma zai je ya ba idonsa abinci, ya hau dogon benen nan Burj Khalifa mai tsawon mita 828, ya leƙa kasuwannin yadi na Deira. Ya sami bizar yawon buɗe ido ta kwana 30, ya yanki tikitin kwana goma. Kuɗin da ya ware wa tafiyar duka sefa miliyan ɗaya da rabi ne. Abokin tafiyarsa wani maƙwabcinsa ne a kasuwa, mai sayar da wayoyi, wanda ya je Dubai fiye da sau goma.

Ina tsakar gida daren da Hajiya, uwargidansa, take haɗa masa akwati. Ta ga kwalayen magani sun cinye wuri, ta zauna a tabarma ta ɓalle kafson ɗaya bayan ɗaya daga katinsu, ta zuba a wata 'yar robar da a da take ajiye kanumfari, ta rufe tam. Kwalayen ta jefa a murhu. Ni ma ina kallo, har na taya ta kwashe ɓawon. Ordonansi kuwa babu wanda ya tuna da ita. Ta Disamba ta ɓata, ta Janairu tana cikin aljihun wata rigar da aka kai wanki.

Bayan sallar isha'i wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta yi sallama da ƙullin leda a hannu, an naɗe shi da salatif kamar ba za a taɓa buɗewa ba. Saƙo ne zuwa ga ɗanta da ke aikin gadi a Sharja. Ta ce, "Alhaji, ɗan abin miya ne kawai, yaron ya yi marmarin gida." Kawu ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Ba komai Inna, Allah ya kai mu lafiya." Bai tambayi abin da ke ciki ba. A wajenmu tambayar ma sai a ɗauke ta cin fuska.

Ranar Talata 8 ga wata suka hau motar Yamai. Ranar Alhamis 10 ga wata suka tashi, suka ya da zango a Addis Ababa.

## Filin jirgi: Jumma'a 11 ga Fabrairu

Sun sauka da asuba. An buga masa fasfo ba matsala. A wajen 'yan duwan, wato kwastan, akwatinsa ya bi ta na'ura aka ce ya ja gefe ya buɗe. Robar kanumfari aka fara ɗagawa, da kafso 96 a ciki. Sai ƙullin tsohuwa, aka yanka da reza: kilishi, yaji, daddawa, ƙullin wani koren gari mai rabin kilo, da wani ƙaramin ƙulli na gari ja-ja wanda Kawu kansa bai taɓa gani ba. Koren garin kuka ce, kowane Bahaushe zai gane ta da ido. Jami'in da ke gabansa bai taɓa shan miyar kuka ba.

Tambaya uku aka yi masa tun a wurin, ya kasa amsa ko ɗaya yadda za ta gamsar. Ina takardar wannan magani? Babu. Mene ne wannan jan garin? Bai sani ba. Wa ya ba ka, wa za ka kai wa? Ya san tsohuwar, amma cikakken sunan ɗanta bai sani ba, lambar waya kawai aka rubuta masa a bayan leda.

Aka miƙa shi ga 'yan sandan yaƙi da ƙwaya, aka ɗauki fitsarinsa. Ya sha kafso ɗaya a jirgi saboda dogon zama, don haka gwajin ya nuna maganin a jikinsa. A dokar ƙasar, abin da aka samu a jinin mutum ko fitsarinsa shi ma hujja ce a kansa, in ba shi da takardar da ta halatta masa.

Sai aka zo ɗaukar bayani. Babu mai jin Hausa. Aka kawo tafinta mai Faransanci, Kawu kuwa Faransancinsa na kasuwa ne, na ciniki da ƙirga kuɗi. Aka tambaye shi ko maganin nasa ne shi kaɗai. Ya ce nasa ne, amma in abokin tafiya ciwo ya kama shi ai ba zai hana shi ba. Ya faɗi haka ne don a ga shi mutumin kirki ne. Aka rubuta bayanin da Larabci, shafi biyu, aka miƙo masa. Ya yi makarantar allo, yana iya haɗa baƙi ya karanta, ma'anar ce bai sani ba. Ya bi layin farko da yatsa, ya ga sunansa, ya sa hannu.

Tun farkon 2022 ƙasar ta mai da hutun mako Asabar da Lahadi, Jumma'a kuma rabin yini ake aiki a ofisoshin gwamnati. Abokin tafiyarsa ya yi ta zarya ranar bai sami wanda zai yi masa cikakken bayani ba. Da la'asar ya kira ni. Ya ce, "An riƙe Alhaji, amma kada ka gaya wa kowa tukuna."

## Shiru da dillali: 12 zuwa 21 ga Fabrairu

Mun yi zama a zaure, mu biyar: ni, babban ɗansa, ƙannensa biyu da wani amininsa. Abin da ya fi damun kowa shi ne kada gari ya ji an kama Alhaji da taramol. Aka yanke a ce wa mutane gwajin korona ne ya riƙe shi, a kashe maganar ta bayan gida. Na kawo zancen ofishin jakadancinmu, aka ce in an kai can labari zai iso Yamai, daga Yamai ya dawo Dole. Na yi shiru. Aka sa almajirai saukar Alƙur'ani, Hajiya ta yi sadakar waina kwana uku.

Ranar Litinin 14 ga wata abokin tafiyar ya haɗu da wani Bahaushe a wani gidan abinci a unguwar Naif, inda baƙi daga Afirka ke taruwa. Mutumin ya ce shekararsa ashirin a ƙasar, irin wannan ya fitar da mutane ba adadi, yana da "mutum a ciki". Ya nemi dirhami 8,000. Lokacin dirhami ɗaya yana wajen sefa 158, wato kimanin miliyan ɗaya da jika 260 (jika ɗaya sefa dubu ce). Wanda ya faɗa ruwa ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Muka haɗa kuɗin cikin kwana biyu, muka ba wani ɗan canji a nan, ɗan uwansa ya biya a can.

Ranar Laraba ya ce gobe. Ranar Alhamis ya ce babban ya yi tafiya. Ranar Jumma'a ya ce a ƙaro 3,000 domin lamarin ya haura sama. Ranar Lahadi wayarsa ta daina shiga. Abokin tafiyar bai iya kai ƙara ba, domin abin da zai je ya faɗa shi ne ya ba da kuɗi a kai wa jami'i cin hanci, wannan kuwa laifi ne a kan mai bayarwa kamar yadda yake a kan mai karɓa.

A cikin wannan makon wasu shawarwari biyu suka taso. Ta farko, babban ɗan Kawu ya so abokin tafiyar ya ɗauki hoton ofishin da ake tsare da shi da jami'an da ke ƙofa, a watsa a Facebook a tayar da ƙura. Abokin ya ƙi, kuma ya san abin da yake gudu: dokar laifukan intanet ta ƙasar, mai lamba 34 ta 2021, ta tanadi ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar dirhami 150,000 zuwa 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya ɗauki hoton mutum ya yaɗa ba da yardarsa ba.

Ta biyu, ɗaya daga cikin ƙannen Kawu ya ce mu je wajen likita ya rubuta sabuwar ordonansi ta kafso 96, ya sa mata kwanan watan Janairu. Ni da shi muka je ranar 17 ga wata. Likitan ya saurare mu har ƙarshe, ya cire tabarau ya ajiye a tebur. Ya ce, "Alhaji majinyacina ne shekara biyu da rabi, duk abin da na san gaskiya ne zan rubuta in sa hannu. Amma takardar da ban rubuta a Janairu ba, ba zan ce na rubuta ta a Janairu ba. In suka bincika suka gane, garin neman gira za ku rasa ido." Ƙanen Kawu ya fita ransa a ɓace, ni ma ban ji daɗi ba ranar.

Mun kuma tara wasiƙun shaida daga limamin unguwa da shugabannin 'yan kasuwa, cewa Alhaji mutumin kirki ne. Muka aika hotunansu ta WhatsApp. Ba a karɓe su cikin fayil ba.

## Jakadanci da lauya: 21 zuwa 24 ga Fabrairu

Bayan kwana goma, da kuɗi suka tafi kuma Kawu yana nan inda yake, aka yarda da abin da aka ƙi tun farko. Abokin tafiyar ya je ofishin jakadancin ƙasarmu ranar Litinin 21 ga wata. A nan aka gaya masa cewa tun ranar farko Kawu yana da haƙƙin ya nemi a sanar da su, bisa sashe na 36 na yarjejeniyar Biyenna ta 1963 kan hulɗar ƙananan jakadu. Aka kuma gaya masa iyakar ikonsu: za su iya ziyartarsa, su nemi sanin tuhumar, su nuna lauyoyi masu rajista, amma ba su da ikon buɗe ƙofa su fito da shi. Jami'in da ya ziyarce shi yana jin Hausa. Kawu ya ce ranar ce ya fara fahimtar dalilin da ya sa ake riƙe da shi.

Ranar 23 ga wata muka ɗauki lauya, a kan dirhami 18,000, da rubutacciyar yarjejeniya da rasit. Washegari ya karanta fayil ɗin a ofishin mai gabatar da ƙara, ya kira mu, jami'in jakadanci yana fassara. Ya ce sabuwar dokar ƙwaya, mai lamba 30 ta 2021, wadda ta fara aiki ranar 2 ga Janairun 2022 a madadin ta 1995, ta sassauta wa mai sha a karon farko: mafi ƙarancin ɗauri ya sauko daga shekara biyu zuwa wata uku, alƙali ma yana iya yin tara. Wanda ya shigo da ƙwaya don ya ba wasu ko ya sayar kuwa, dokar ba ta yi masa sauƙi ba, shekaru masu yawa ne. Sai ya karanto mana layi ɗaya daga bayanin da Kawu ya sa wa hannu. An rubuta cewa ya kawo maganin don kansa da kuma ba wa wasu.

Ya lissafa abin da yake so. Rahoton likita mai tarihin ciwon tun daga farkonsa. Hujjar cewa kafson 96 ta hanyar halal suka fito, hujjar da aka rubuta kafin tafiya. Kowace takarda ta bi ta hannun hukumomi a buga mata hatimi, daga nan har can, sannan tafintan da ma'aikatar shari'arsu ta amince da shi ya mai da ita Larabci, domin da Larabci kotunansu ke aiki. Ya ce hoton waya ba takarda ba ne.

## Neman takardu: 25 ga Fabrairu zuwa 24 ga Maris

Wannan aikin a kaina ya faɗo. Likita ya rubuta rahoto shafi biyu cikin yini ɗaya, ya haɗa da kwafin katin asibiti da hoton ƙashin 2019, wanda Hajiya ta zaro daga ƙarƙashin katifa yana cikin ambulan ɗinsa. Ordonansin Janairu mun same ta a aljihun riga, ruwa ya wanke ta, sai inuwar hatimi.

Mai farmasin ne ya warware mana. Da na yi masa bayani, ya shiga ciki ya fito da wani babban littafi mai baƙin bango, wanda suke rubuta duk maganin da ba a sayarwa sai da takarda. Ya lashi yatsa ya yi ta buɗe shafi. Ga shi nan: kwanan wata a Disamba, lamba, sunan likita, sunan Kawu, tramadol 50, guda 60. Ya ƙara gaba, ga na Janairu, guda 60. Sama da layin Kawu sunan wani ne, ƙasa da shi sunan wata, kowanne da lambarsa a jere, ba inda za a cusa layi daga baya ba a gani ba. Na tsaya ina kallon rubutun biro shuɗi, hannuna yana rawa. Ya yi mana kwafin shafukan ya rufe sunayen sauran mutane, ya rubuta takardar shaida ya buga hatiminsa.

Daga nan sai zagaye: shugaban asibiti, hukumar lafiya ta jiha, sannan Yamai, kusan kilomita 900 ta Tasawa da Maraɗi da Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, domin ma'aikatar lafiya da ta harkokin waje. Na aika takardun ta kamfanin aika saƙo ranar 7 ga Maris.

Ana cikin haka sakamakon ɗakin gwaje-gwaje ya fito ranar 8 ga Maris. Kuka kuka ce. Jan garin kuwa saiwa ce da aka daka, maganin basir da tsohuwar ta sa wa ɗanta, babu abin haramci a ciki. Kafson duk masu miligiram 50 ne kamar yadda Kawu ya faɗa. Da wannan lauya ya nemi beli, aka ba shi ranar 10 ga Maris, bayan kwana 27 a tsare. Aka riƙe fasfonsa, aka hana shi barin ƙasar. Ya kama ɗaki a Deira, dirhami 120 kowane dare. Abokin tafiyar ya riga ya dawo, domin tasa bizar ta kusa ƙarewa kuma shagonsa a rufe yake.

Ranar 15 ga Maris lauya ya kira: takardun sun iso, amma akwai cikas. A katin asibiti da littafin farmasi an rubuta sunan da ake kiran Kawu da shi a gari, haɗe da na mahaifinsa. A fasfo kuwa sunan yanka ne da rubutun Faransanci, har da na kakansa. A katin an sa shekarar haihuwa da "wajen", a fasfo an sa 1 ga Janairu. A idon wanda bai san mu ba, mutum biyu ne. Sai da na je kotu a nan Zinder da shaidu biyu aka yi takardar da ke tabbatar da cewa sunayen na mutum ɗaya ne, na sake hawa motar Yamai, aka sake bin layin hatimi. Wannan ya ci kwana tara.

## Rufe fayil: 29 ga Maris zuwa 9 ga Afrilu

Ranar 29 ga Maris aka sake ɗaukar bayanin Kawu a gaban mai gabatar da ƙara, lauyansa na zaune, da tafinta mai jin Hausa. Aka tambaye shi ko ya taɓa ba wani maganin. Ya ce a'a. Ko ya yi niyyar sayarwa ko kai wa wani. Ya ce a'a. Me ya sa guda 96 a tafiyar kwana goma. Ya ce abin da ke cikin robar ke nan, ba a ƙirga ba. Lissafi ya goyi bayansa: 120 aka sayar masa a wata biyu, 24 ya sha, 96 suka rage. Kafin ya sa hannu aka karanta masa kowane layi da Hausa.

Ranar 6 ga Afrilu aka rufe fayil ba a kai shi gaban alƙali ba. Aka ƙwace maganin, aka mayar masa da fasfo. Bizarsa ta riga ta ƙare, lauya ya karɓo masa takardar da ke nuna hukuma ce ta riƙe shi. Ya bar Dubai ranar Asabar 9 ga Afrilu, azumi ya kai mako guda, kwana 57 daga ranar da ya sauka. Expo ta rufe yana garin, bai je ba. Ya ce ko taga ba ya son buɗewa.

Kuɗin da aka kashe a can, na dillali da lauya da ɗaki da abinci da fassara, dirhami 32,000 ne. Da sabon tikiti da zirga-zirgata, jimla ta kai wajen sefa miliyan 5 da jika 750. An sayar da fili ɗaya da shanu biyu.

## Abin da na gani a ciki

Yanzu zan faɗi nawa. Abin da ya fito da Kawu layi biyu ne a littafin farmasi da hoton ƙashi na 2019, kuma ƙarfinsu daga wuri ɗaya ya zo: an rubuta su tun babu wanda ya san za a neme su. Wasiƙun liman da na 'yan kasuwa gaskiya suka faɗa, amma tambayar da ke gaban mai gabatar da ƙara ita ce ina kafson suka fito, halin Alhaji ba ya cikin tambayar. Likitan da na ji haushinsa ranar 17 ga Fabrairu shi ya tsare mu. Da ya rubuta 96 a takarda ɗaya ta Janairu, da ta yi karo da littafin da ya ce 60 da 60, kuma da hujjarmu ta gaskiya ta mutu tare da ta ƙaryar.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne duk abubuwan da suka jefa shi ciki halaye ne da muke yabo a gida. Hajiya tattali ta yi. Karɓar saƙo ba tambaya zumunci ne. Cewa ba zai hana ɗan uwa magani ba karamci ne, kuma wannan jimlar ce ta kusa mai da shi dillalin ƙwaya a takarda. Irinta ta taɓa cin wata Baturiyar Ingila a 2017, da aka kama ta a filin jirgin Hurgada na Masar da tramadol 290, ta ce na abokin zamanta ne mai ciwon baya, aka yanke mata shekara uku. Ƙullin tsohuwa ya fito fes, amma sai da ya riƙe Kawu kusan mako huɗu kafin gwaji ya wanke shi, kuma da wani abu na ciki, ba ta da hanyar zuwa ta ce nata ne. Mutanen Kano ba su manta da ɗalibar da aka tsare a Saudiyya daga Disambar 2018 zuwa ƙarshen Afrilun 2019 ba, saboda jakar da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba.

Kwana goman farko kuwa laifinmu ne, mu da muka zauna a zaure. Kunya muka sa gaba, muka bar dattijo mai ciwon baya a tsare ba mai jin harshensa, muka ba ɓarawo kuɗi da hannunmu. Ina cikin zaman, na san ofishin jakadanci ne daidai, na yi shiru don kada a ce yaro ya ƙetare manya. Labarin da muke ɓoyewa kuma tun makon farko ya zaga Dole.

A 2023 Kawu ya tafi Umra. Wata ɗaya kafin tafiya ya koma wajen likita aka canja masa magani zuwa wanda ba ya cikin jerin da ake tsaro, ya tafi da shi cikin kwalinsa da takardarsa, sunan da ke jiki daidai da na fasfo harafi da harafi. Daren tafiya mutum huɗu suka kawo saƙo. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka kunna fitila, ya ce kowa ya kwance nasa da hannunsa. Uku suka kwance. Na huɗun, ɗan uwansa ne na jini, ya ce, "Alhaji, ni za ka yi wa haka?" Ya ɗauki ƙullinsa ya fita. Har yau gaisuwa ce kawai tsakaninsu.